Taliya da Ƙanƙara a Madina

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A ƙofar masallaci tambaya, a wajen mai shayi tambaya. Yaya hanya, yaya Madina, me suke ci. Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ban iya rubutu ba. Zan faɗa sau ɗaya, Malam Haruna na firamare yana rubutawa. Wanda ya sake tambaya a miƙa masa takardar.

Wannan ba ita ce tafiyata ta farko ba. Ina matashi muka tashi a ƙasa, ni da matata Ladi. Shekara huɗu muka yi a hanya. Mun tsinci auduga a Sudan, a can ta haihu, namiji. Muka ƙetare teku, muka yi hajji, muka isa Madina. Zazzaɓi ya ɗauke Ladi cikin kwana shida. Na bar yaron a wurin ƙaninta Isuhu, wanda ya riga mu zuwa har ya yi aure, na tafi Jidda neman aiki. Askarawa suka kama ni ba takarda, suka zuba mu a jirgin ruwa. Ban yi sallama da kowa ba. Yaron yana da shekara uku. A gida na sake aure, haihuwa uku, ba wanda ya tsaya, uwarsu ma ta bi su. Shekara ashirin da biyar ke nan. Shi kaɗai ya rage mini. Abin da ya mayar da ni ke nan: in gan shi, shi ma ya ga yana da uba.

Ba za ku ji sunansa a nan ba. Ɗan fari ne. Mu a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya kallonsa ido cikin ido, ba ya zama cin abinci da shi. Ni ma ɗan fari ne a maza. Ubana har ya mutu “kai” yake ce mini, kuma ban taɓa shakkar yana so na ba.

Yanzu kowa jirgin sama yake hawa a Kano. Ni hanyar da na sani na bi. Mota zuwa Maiduguri, mota zuwa Gamboru, muka haye kogi zuwa Lami, da yanzu suke ce wa Njamena. Daga nan babbar mota ce ta albasa, mu a kan buhuna. Kwana goma sha ɗaya zuwa Abeshe. Rabin tafiyar turi ne, mota ta kafe a rairayi mu sauka, ta fita mu bi ta da gudu. Har na isa Makka rigata tana warin albasa.

A kan buhunan na haɗu da Malam Buba, wani Bafulatani mai surutu kamar rediyo. Ya tambayi kowa asalinsa, ya zo kaina.

“Kai Kaɗo, wa kake da shi a can?”

“Akwai wani.”

“Wani wa?”

“Ɗan marigayiya.”

Ya dube ni, ya ce, “Na fari ne ke nan.” Bai sake tayar da maganar ba har muka rabu. Ya dai riƙa raba mini goronsa.

A iyakar Sudan suka nemi katin allura. Nawa a cikin hula na ɓoye shi, gumi da shunin hular suka mayar da shi baƙi, ba a ganin hatimi. Na ce an yi mini a Kano. Mutumin ya ce shi bai san Kano ba. Ya sake soka mini biyu a hannu ɗaya. Hannun ya kumbura kamar gora, kwana uku Buba ne ke zuba mini ruwan alwala, yana cewa bai taɓa zaton zai yi wa Kaɗo bauta ba.

Daga Nyala jirgin ƙasa ne. Mutanen Sudan suna nan yadda na bar su. In za su ci abinci ba “bismilla” suke cewa daga nesa kamar mu ba, hannunka suke kamawa su ja ka ƙasa. Abincin kisra ce, kamar sinasir amma siririya da tsami, da miya mai yauƙi, da zafinta. Na ci tare da mutanen da ban san sunansu ba har Bur Sudan. A jirgin ruwa ban ci komai ba, abin da na ci a baya ma na mayar wa teku. A Jidda mai binciken kaya ya buɗe ƙullin daddawar da na kawo wa Isuhu, ya sansana, ya kira abokinsa ya sansana, suka jefa a shara da tsinin sanda. A nan kuma masu jagorar alhazai suka karɓe fasfo, suka raba mu mota mota. Buba ya shiga wata, na shiga wata. Ban sake ganinsa ba.

Kwana takwas aka ba mu a Madina kafin a wuce Makka. Garin ban gane shi ba. Unguwar da muka zauna da Ladi an rushe ta, kwalta ce a wurin. Sai da na yi wuni ina tambayar duk baƙar fatar da na gani kafin aka nuna mini hanyar Awali, wajen gonakin dabino. A nan na sami Isuhu, yana kula da gonar wani Balarabe. Ya yi tumbi, ya yi furfura. Ƙanin mata abokin wasa ne, bai manta ba.

“Tanko! Ashe askarawa ba su jefa ka a teku ba?”

“Sun gwada. Kifi ya ƙi.”

Ya yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tafi hawayen suka tsaya. Ya ba ni ɗaki a cikin gonar, na dawo nan daga masaukin alhazai. Shi ya fara maganar, don ya san ba zan fara ba.

“Yana Khaibar wajen shugul, sai nan da kwana huɗu. Na rubuta shi cikin ’ya’yana don ya sami takarda, sunana yake ɗauke da shi. Amma wallahi ban ɓoye masa kai ba. Ya yi aure. Yana jin Hausa, bas da Larabci zai amsa maka.”

Na ce, “To.” Ban tambayi wane aiki yake yi ba. Uba ba ya bin diddigin ɗan fari a gaban mutane. Na ciro hular da na saya masa a Kano na ba Isuhu, na ce a ba shi.

Kwana huɗun nan na yi su tsakanin masallaci da gona. Na je maƙabarta neman Ladi. Su ba sa sa alama, duwatsu ne kawai iri ɗaya. Na tsaya a inda nake zato, na yi addu’a ga duk wanda ke wurin. Abinci matar Isuhu, Hajiya Asabe, take aiko mini, shinkafa da ɗan nama, in ci ni kaɗai a gindin dabino. Larabawan gonar in sun wuce su ɗaga hannu. Ba wanda ya ja ni ƙasa.

Rana ta biyar bayan azahar wata farar mota ta tsaya a bakin gona. Dogon mutum ya fito cikin farar riga, goshin Ladi, wushiryar Ladi. Hulata ce a kansa, ya kifa ta kamar ƙwarya, bai san yadda ake karya ta ba. Na zaci zai tsuguna daga nesa ya gaishe ni yadda ɗa ke yi. Bai tsuguna ba. Ya taho kai tsaye ya rungume ni, ya sumbaci kaina, ya ce, “Abuya.” Wato babana.

Jikina ya sandare. A gaban Isuhu, a gaban ma’aikata. Na kau da fuska wajen dabino, na ce, “An zo lafiya?”

Ya ɗan ƙara riƙe ni, sannan ya saki.

Isuhu ya ce, “Zai kai ka cin abinci. Yalla, ku tafi.”

A mota ya yi ta magana a hankali. Larabcina na gonar auduga ne, kuma ya yi tsatsa, rabi nake kamawa. Ina kallon taga. Ta gefen ido dai na ƙare masa kallo, har tabon da ke hannunsa. Na ɗauka gidansa za mu. Sai na ga mun bi hanyar Bi’ir Ali, muka tsaya a gaban wani shago sabo, fenti bai gama bushewa ba. Zuciyata ta ɗan sosu. Mutum yana da gida da mata, ya kawo ubansa cin abinci a kasuwa.

Cikin shagon sanyi kamar gindin rijiya. Tebur shida, ba kowa. Mai shagon gajere ne, idanu ƙanana, gemu ’yan ƙwarori. Abdurrahman suke ce masa. Daga baya na ji mutumin wata ƙasa ne wai Koriya, can bayan Sin. Ya zo da masu aikin hanya, ya musulunta, ’yan’uwansa suka koma shi ya zauna. Satinsa biyu da buɗe shagon. Da ya ga yaron sai ya fito da gudu yana sunkuyawa, ya nuna ni, ya ce, “Abuk?” wato babanka ne?

Yaron ya ce, “Aiwa,” ya dube ni. Na dubi ƙasa.

Aka zaunar da mu a tebur ɗaya, kujera na kallon kujera, ba inda zan kai idona. Aka kawo kwano biyu na ƙarfe. Taliya ce, amma ba irin tamu ta Kano da ake ci da mai da yaji ba. Wannan siririya ce kamar zare, launin toka, an naɗe ta a tsakiyar romo. A kai rabin ƙwai, yankan nama biyu, da kokwamba. Ba tururi. Na taɓa kwanon, na janye hannu. Na duba da kyau. Ƙanƙara ce ke yawo a cikin romon.

Ku da kuke ji kun san abin da na ji. In mace ta ajiye wa baƙo tuwo mai sanyi, ta ce masa ya tashi ke nan. Ko kwantai ne ana ɗumama shi kafin a ba mutum. Na yi tafiyar wata biyu, aka kawo ni kasuwa, aka ba ni abinci mai sanyi, aka ƙara masa ƙanƙara don kada in yi kuskuren fahimta. Na ce a raina, yaron nan bai yafe ba, kuma yana da gaskiya.

Ya sa cokali ya ɗebo ƙanƙara guda, ya ɗaga ta a gabana yana murmushi. “Shuf, Abuya.” Ya yi magana mai tsawo, yana nuna bayan shagon inda wani inji ke gurnani. Ban kama ba.

Na ce, “Na gani.”

Mai shagon ya kawo almakashi. Ni a wurin tela na san almakashi. Yaron ya karɓa, ya miƙo hannu cikin kwanona ya yanka taliyar gida huɗu, ya matso mini da ita. Shi da tsinke biyu na ƙarfe yake ci, ni aka ba ni cokali mai yatsu. Na kai loma ɗaya. Tsami, da ɗan zaƙi, taliyar tana ja kamar roba. Sanyin ya sami ruɓaɓɓen haƙorina ya hau har ido. Akwai wani yaji ruwan ɗorawa a gefe, na lasa don in ji ɗumi, ashe shi ba harshe yake kamawa ba, hanci yake bi. Hawaye ya zubo mini. Na ajiye cokalin.

Sai ya yi Hausa, ita kaɗai na ji daga bakinsa, da nauyin harshe kamar mai koyo.

“Baba, ci. Da daɗi.”

Na dubi bango na ce, “A ce wa mai shagon ya ɗumama.”

Yaron ya ji. Mai shagon yana tambayarsa me na ce, bai fassara ba. Ya tashi ya ɗauki kwanon da kansa ya shiga ciki. Na ji suna magana, mai shagon yana ɗaga murya, shi yana ƙasa ƙasa. Ya dawo da shi yana tururi. Taliyar ta narke ta zama kamar kunun da ya kwana. Na sha cokali biyu. Nasa kwanon bai sake taɓawa ba.

Can ya yi magana da Larabci, ɗaya ɗaya, yadda ba zan ce ban gane ba.

“Ka san sunana?”

“Na sani.”

“Faɗa.”

“Ni na raɗa shi.”

“To faɗa.”

Injin nan yana ta gurnani. Bakina ya ƙi. Shekara hamsin da wani abu ban taɓa jin dattijo ya yi haka ba, ban san ta inda ake farawa ba. Ya jira. Ya jira fiye da yadda ni zan jira. Sannan ya cire hular ya ajiye a cinyarsa, ya ce, “Yalla, ya Hajj.” Yadda ake ce wa kowane tsoho a titi.

Ya sauke ni a bakin gona, bai shigo ba.

Isuhu yana gyaran magudanar ruwa, ya ɗago. “Ina yake? Ba gidansa za ku wuce ba? Matarsa tun safe take fama da rago.”

Na gaya masa yadda aka yi, ban rage ba. Ya ajiye fartanya ya riƙe kai.

“Tanko, tun kana saurayi jaki ne kai, ban san ’yar’uwata me ta gani ba. Ka san aikinsa? Firji yake gyarawa, da injin sanyaya ɗaki. Injin ƙanƙarar nan matacce mutumin ya sayo, masu gyara uku suka ce a zubar, shi ya tashe shi. Sanyin da ka ji a shagon ma shi ya haɗa. Tun da ya ji ka iso ya aiko daga Khaibar a gaya wa mai shagon ubansa zai zo ya ci ƙanƙararsa. Kai kuma ka sa ya dafa ta.”

Na ce, “Abinci mai sanyi fa.”

“Haka suke cinsa a garinsu! Na lokacin zafi ne, ya shaikh, don rana!”

“Kai ba ka gaya masa ba a kiran sunan ɗan fari ba?”

Ya ce, “Ni nawa na farin a kafaɗa na yi ta yawo da shi. Nan Madina ce. Wallahi na manta ana yi.”

Hajiya Asabe tana bayan ƙofa, ba ta fito ba, ta ce, “Yaya Tanko, yana ƙarami in an kawo wa mutane wasiƙa daga gida sai ya tambaye ni, ko babansa ya manta sunansa ne shi ya sa ba ya rubutowa. Ni nake ce masa ba ka iya rubutu ba.”

Isuhu ya sa takalmi ya tafi gidan yaron. Ya dawo kafin magariba shi kaɗai. Yaron ya koma Khaibar, sai bayan sati biyu. Ragon an raba wa maƙwabta. Na ce zan bi shi. Isuhu ya ce da wane fasfo? Alhaji ba ya fita wannan hanyar, askarawa na nan a kanta, kuma na san su sun san ni. Bayan hajji kuwa kai tsaye Jidda za a kai mu. Ya ce in ya dawo zai yi masa bayani. Na ce to. Bayani dai na Isuhu ne, ba nawa ba.

Ranar da za mu tashi, motarmu sai la’asar. Da hantsi na kama hanya a ƙasa, ban gaya wa kowa ba. Na ɓata sau biyu. Na isa shagon rana tana tsaka, maƙogwarona kamar an zuba toka. Direbobi biyu ne kawai a ciki, suna shan lemo, ba su taɓa taliyar ba su ma. Mai shagon ya gane ni. Bai yi murmushi ba, amma ya sunkuya. Na nuna kwano. Ya yi alamar wuta da hannu, yana tambaya. Na girgiza kai.

Ya kawo, ya yanka mini da almakashin. Na ci da gefe ɗaya na baki. Ba zan ce muku da daɗi ba. Amma wanda ya yi tafiyar rana ya sha romon nan zai ji shi yana sauka har tafin ƙafa, ya gane masu abin ba mahaukata ba ne. Na cinye taliyar, na ci ƙwan, na ɗaga kwanon na shanye. Ƙanƙarar da ta rage na tsotse ta ɗaya ɗaya.

Na nuna bayan shagon. Ya gane, ya kai ni. Inji ne kamar akwatin amarya, tsoho, an yi masa faci. Wayoyinsa an ɗaure su tsaf, kowace da hanyarta, aikin mutum mai haƙuri. Ina tsaye ya zubo ƙanƙara, ƙwal ƙwal ƙwal. Na ɗora hannu a kansa. Gefensa da ɗumi.

Na tattaro Larabcina na ce, “Ka gaya wa…” Na tsaya.

Ya ce, “Min?” Wato wa.

Na faɗa a hankali. Injin ya fi ni murya. Ya sa hannu a kunne ya matso. Na sake faɗa. Ya girgiza kai, bai ji ba. Na uku na ɗaga murya yadda ake kiran mutum daga ƙarshen gona, har direbobin nan suka leƙo. Na ce, “Ka gaya masa ubansa ya zo, ya cinye, bai ɗumama ba.” Na ɗauko kwanon na kifa a gabansa don ya gane.

Ya maimaita sunan, ya dafa ƙirji, ya sunkuya.

Na fito haƙorina yana zugi. Da la’asar muka ɗaura harami a Bi’ir Ali, motar ta wuce ta gaban shagon, ba farar mota a ƙofa. Ko mutumin ya isar da saƙon, ban sani ba, har yau ba wasiƙa. Tun ranar suna sau uku na faɗi sunan nan, duka ukun a kunnen wanda ba shi ba.